Ƙasaita ko burga? Tambayoyi da amsoshi kan kalmomin ado, sarauta da nuna isa

Hausa ta tara kalmomi da yawa na girma da ado da fitowa a gani, kuma kusan kowacce ta yabo tana da ta zagi a gefenta. Riga ɗaya, doki ɗaya, taku ɗaya, amma wani a ce masa ƙasaita wani a ce masa burga. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi a kai.

Wai mece ce ƙasaita? Ni a ganina duk nuna kai ne, kawai an canza masa suna saboda manya ne ke yi.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganarka amma ba duka ba. Asali dai abu ne ke ƙasaita, wato ya girma ya bunƙasa ya wuce sa'o'insa, shi ya sa ake cewa kasuwa ta ƙasaita, arzikin wane ya ƙasaita, daga nan aka samu ƙasaitacce da ƙasaitacciya da ƙasaitattu. To ita ƙasaitar da ake jingina wa sarauta hali ce, yadda mai mulki ke ɗaukar jikinsa a gaban jama'a. Ka je fada ka ga sarki a zaune, ba ya waige-waige, ba ya ɗaga murya, amawali ya rufe masa baki, mutum ya zo ya zube ya kwashi gaisuwa shi ko uffan ba zai ce ba iyaka ya ɗan ɗaga hannu a dunƙule, dogarai ne za su amsa da ƙarfi su ce sarki ya gaishe ka. In zai miƙe su baza manyan rigunansu su kare shi kar a ga tashinsa, in zai taka ana ta hattara, sannu, takawa lafiya. Duk hayaniyar da ke wurin wasu ne ke yi masa, shi nasa shiru ne da taku ɗai-ɗai.

Mai burga kuwa shi ne maroƙin kansa, shi zai faɗa maka kuɗin shaddar tun ba ka tambaya ba, shi zai ajiye makullin mota a kan tebur yadda tambarin zai kalle ka. Wannan shi ne bambancin da ni na fi yarda da shi. Ƙasaita mutane ne ke yi maka shaidarta, burga kai ke tallanta.

Alfarma fa? Na ji ana cewa gida na alfarma, kuma na ji ana cewa a yi min alfarma. Kalma ɗaya ce?

Ɗaya ce, aikinta ne ya yi rassa. Na farko alfarma ta girma da ɗaukaka, mutum mai alfarma shi ne wanda darajarsa ta sa ake jin nauyinsa. Na biyu ita ce wadda ake nema, ka je ofis layi ya yi tsawo ka ce ranka ya daɗe a yi min alfarma, wato a ɗaga maka ƙafa a ba ka abun da bisa ƙa'ida ba lallai ka samu ba, kuma in ka duba da kyau daga ta farkon ta fito, don mai alfarma ne ake yi wa alfarma, ko kuma a yi maka saboda alfarmar wani, kamar yadda ake cewa ya ci alfarmar mahaifinsa. Na uku shi ne na kayan tsada, mota ta alfarma, otal na alfarma, masauki na alfarma, wannan shi ya fi yawa yanzun a bakin 'yan jarida da masu talla.

Shi ya sa in aka ce wane ɗan alfarma ne sai ka saurari muryar mai maganar, don yana iya nufin ɗan babban gida, yana kuma iya nufin wanda bai cancanta ba aka cusa shi ta sama.

Wa ake ce wa Mai Alfarma, wa ake ce wa Mai Martaba?

Mai Alfarma na Sarkin Musulmi ne, kamar Muhammadu Sa'ad Abubakar na uku da ke kan gadon tun 2006. Sarakunan yanka irin na Kano, Katsina, Zazzau, Daura, Gwandu, su ne Mai Martaba. Gwamna da shugaban ƙasa da minista Mai Girma, hakimai ma haka ake ce musu, alƙali Mai Shari'a. Kar ka haɗa su a takardar gayyata, fadawa ba sa yafe irin wannan.

Kwarjini da haiba da izza, su ma cikin ado suke?

Ba a ɗinka su wajen tela. Kwarjini shi ne abun nan da ke sa ka shirya magana tun daga gida ka zo gaban mutum ta gudu, kuma malami mai riga ɗaya yana iya fin attajiri kwarjini. Haiba kusan haka take, daga Larabci ta zo, ta fi zama a bakin malamai da marubuta, akwai nutsuwa da cika ido a cikinta. Izza ita ce mai kaifi biyu, in aka ce izzar mulki ana nufin ƙarfin hali da jin kai na wanda ya gaji sarauta, amma in aka ce yarinyar nan izza gare ta to ba yabo ba ne, ana nufin tana kallon mutane sama-sama. Haka isa, ya isa yabo ne, isasshe ma yabo ne, amma nuna isa zagi ne, don wanda ya isa ɗin ba ya buƙatar nunawa.

Ado, kwalliya, ƙawa, gayu, ban san inda kowanne ke tsayawa ba.

Ado ya fi faɗi, ya haɗa sutura da duk abun da aka ɗora don kyau, mutum yana ado, doki yana ado, ɗaki yana ado, har magana tana da adonta, adon harshe kenan. Kwalliya ta fi kusa da jiki da fuska, kwalli, jan baki, hoda, lalle, ko da yake namiji ma in ya sa sabbin kaya ana cewa ya yi kwalliyar sallah ba wanda zai yi dariya. Ƙawa ita ce kyan da ke ɗaukar ido, an ƙawata wuri, abu ya ƙayatar, biki mai ƙayatarwa, daga nan ne. Gayu na zamani ne, ɗan gayu shi ne mai tsabta da iya sa kaya da turare, ba lallai mai kuɗi ba, akwai ɗan gayun da kayansa kala uku ne amma kullum a goge. Ƙwalisa kuma ado ne da ɗan rawar kai a ciki, na samari da 'yan mata.

Abun da ya fi ba ni sha'awa shi ne kalmomin aikatau ɗin da ke tafiya da su. Ba a cewa kawai ya yi ado in abun ya kai, sai a ce ya ci ado, ta sha kwalliya, ta caɓa ado, ya ɗau wanka, ya haɗe, ya fito fes. Ɗaukar wanka ta yara ce ta yanzu kuma ba ruwanta da ruwa da sabulu, kaya ake nufi, wankan sallah, wankan Juma'a, wankan shadda. Caɓa ado kuwa akwai ɗan yawa a ciki, an zuba har ya so ya wuce. In kuma ƙananan tarkace ne da ba su ƙara komai sai a ce ƙyale-ƙyale, in abun yana walƙiya amma ba inganci a ce ƙyalƙyal banza.

Taƙama zagi ce ko yabo?

Ya danganta da wa ke yi da kuma me ake yi da ita. Taƙama da farko tafiya ce, takun nan na a hankali ana jan jiki ana gyara hannun riga a kafaɗa, doki ma yana taƙama, kuma ango ranar ɗaurin aurensa in ya yi taƙama ba wanda zai ce masa don me. Sai kuma taƙama da wani abu, muna taƙama da kai, wato kai ne abun dogaronmu da alfaharinmu, wannan yabo ne tsantsa. Amma da me kake taƙama, in aka jefo maka ita a cikin faɗa, to an raina abun da ka dogara da shi kenan. Tinƙaho ma haka yake tafiya, gari yana tinƙaho da malamansa, amma mutum ya cika tinƙaho da kuɗin babansa ya zama abun haushi.

Alfahari da fariya 'yan gida ɗaya ne amma Hausa ta raba musu aiki. Alfahari yana iya zama mai kyau, ina alfahari da 'yata ta sauke Alƙur'ani, ba laifi. Fariya ba ta taɓa zama mai kyau ba, ban taɓa jin an ce wane yana da fariya mai kyau ba, ita kullum a yi abu ne don a gani a faɗa. Shi ya sa mutum in zai faɗi wani alherin da ya yi sai ya fara da ba don fariya ba.

To su burga, kuri, fankama, yanga, ƙarya, duk ba abu ɗaya ba ne?

Kowanne da inda yake ciwo. Burga akwai tsoratarwa a ciki, a cika fuska a ɗaga murya don a razana ka alhali ba komai a ƙasa, amma ka lura burgewa daga nan ta fito kuma ita yabo ce, ka burge ni ba zagi ba ne. Kuri da cika baki na baki ne zalla, zan yi zan yi, ɗan dambe yana kuri kafin a shiga fage kuma a wurinsa ma ado ne. Homa ma ta baki ce. Fankama ita ce faɗi ba nauyi, wanda ya cika wuri da riga da murya aljihu kuwa wayam, shi ne ake ce wa fankam-fankam ba shi ne kilishi ba. Yanga da rangwaɗa sun fi zuwa wa mata, jan aji da lanƙwasa murya da tafiya kamar ba a son taka ƙasa, kuma saurayi yana iya ƙorafin yangar budurwarsa yana murmushi, don haka ba kullum take zagi ba. Feleƙe da iyayi na wanda ke ƙaƙale ne, yana yin abun da ba nasa ba don a ce ya waye.

Ƙarya ita ce ta fi ban dariya a yanzu. A bakin matasa in an ce wane yana ƙarya ba wai yana faɗin abun da ba haka ba ne, a'a, rayuwar da ta fi ƙarfinsa yake nunawa, waya ta kusan miliyan a hannu gida kuwa ana bin sa kuɗin haya, ya ari mota ya je zance ya ɗau hoto a jikinta ya sa a Instagram. Har ta kai ana cewa biki ya yi ƙarya ko an zuba ƙarya, ma'ana an kashe kuɗi an nuna, ko da kuɗin na gaske ne kuma na halal. 'Yan ƙarya kenan. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Me ya sa ake cewa hawa, kuma hawa nawa ne a sallah?

Hawan doki ake nufi, sarki ya hau, sai kalmar ta zama sunan bikin gaba ɗaya. A Kano ranar idi ita ce Hawan Sallah, sarki ya fita filin idi na Ƙofar Mata ya dawo a kan doki da jama'arsa. Washegari da yamma Hawan Daushe, shi ne wanda ya fi cika da ado, sarki ya zaga cikin gari ya je Babban Ɗaki gaida mahaifiyarsa a dawo Ƙofar Kudu hakimai su yi ta wucewa ɗaya bayan ɗaya kowa da tawagarsa da kalar kayansa da makaɗansa. Labarin da ake bayarwa shi ne Daushe sunan wani bafade ne da rashin lafiya ta hana shi hawan ranar sallah aka sake hawa dominsa. Rana ta uku Hawan Nasarawa, a je gidan sarki na Nasarawa a shiga gidan gwamnati, wannan tun zamanin Turawa ne da sarki ke kai wa Razdan, wato babban jami'in Turawa na lardi, ziyara. Sai na ƙarshe a fita bayan gari, Ɗorayi ko Fanisau, ya danganta da wace sallar ce. A Katsina da Zariya za ka ji Hawan Bariki, shi ne takwaran na Nasarawa, a Daura kuma akwai Hawan Magajiya.

A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu.

Hawan daba fa? Yana da alaƙa da 'yan daba?

Ko kaɗan, haɗuwar sauti ce kawai. Wannan dabar baƙuwa ce, asalinta kalmar Farisa ce mai nufin fadar sarki, ta zauna a Indiya, Turawan Ingila suka ɗauke ta suna shirya manyan taruka da sunan a Delhi a 1877 da 1903 da 1911 inda sarakunan Indiya ke zuwa nuna mubaya'a. Da suka ci ƙasar Hausa sai suka kawo salon nan, shi kansa Lugga, gwamnan Turawan da ya jagoranci cin ƙasar, a Indiya aka haife shi. Bambancinta da hawan sallah shi ne daba tara sarakuna da yawa ake yi a fili ɗaya don wani babban baƙo ko wani biki na gwamnati, kamar wadda aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, da ta Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, da ta FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a Kaduna a 1977. Hawan sallah kuwa sarki ne da garinsa, kuma ya girmi zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru. Ni dai ina jin haushi in na ji Bahaushe yana kiran Hawan Daushe daba, sunansa na gida yana nan bai ɓata ba.

Ina son sanin sunayen kayan da ake gani a hawa, kullum sai dai in ce abun nan.

To bari mu bi jerin yadda ido ke gani. 'Yan bindiga su ne masu bindigar gargajiya da ke cika wuri da hayaƙin albarushi. 'Yan lifidi su ne waɗanda su da dawakansu ke cikin rigar auduga mai kauri da aka ɗinke, a ka kuma kwalkwali, wasu da gashin jimina a samansa, 'yan sulke kuma rigar ƙarfe ce ta zobba. Waɗannan kayan yaƙi ne na gaske a da, tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410 shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, yanzu da yaƙin doki ya ƙare sai suka koma ado. Dogarai su ne masu ja da kore. Zagage su ne masu tafiya a ƙasa gaban dokin sarki, ɗaya zagi, dawakin zage kuma su ne waɗanda ake ja an yi musu cikakken ado ba kowa a kai, kuma in kana neman ma'anar ƙasaita a aikace to ga ta nan, doki mai tsada an shirya shi tsaf don kawai a ga akwai shi. Shamaki shi ke kula da barga.

A jikin doki akwai sirdi da likkafa da linzami da ragama, jalala da ɗauki-saƙa su ne shimfiɗun ado na kan sirdi, tunjimi a ka. A kan sarki laima, gefe ana yi masa fifita da figini na gashin jimina, a Kano ga tagwayen masu a hannu. Kakaki shi ne dogon ƙahon ƙarfen nan, ga algaita mai kumbura kumatu, ga tambari wanda ba a kaɗa wa kowa sai sarki. Yawancin wannan tsari ana jingina shi ga Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, shi aka ce ya fara kakaki da figini da takalmin gashin jimina, shi ya gina gidan sarkin da har yau ake kira Gidan Rumfa, a zamaninsa aka kafa kasuwar Kurmi.

Sutura kuma babbar riga ce mai aiki, aska biyu ko aska takwas gwargwadon zanen da ke ƙirji, ta tsamiya ko saƙi ko shadda, a ɗora alkyabba. Rawani akwai harsa fari, akwai ɗan Kura, baƙin nan mai sheƙi da ake rinawa da baba a buga shi har ya dinga ɗaukar ido, wanda in mutum ya yi gumi sai ka ga shuɗi ya zauna masa a goshi da wuya, kuma masu shi ba sa jin kunyar wannan shuɗin don shi ne shaidar na gaske ne.

Jahi ko jafi, wanne ne daidai, kuma mene ne?

Duka ana faɗa, bambancin karin harshe ne. Mahaya ne za su jeru su saki dawakai a guje su nufo inda sarki yake kamar za su bi ta kansa, sai dab da shi su ja linzami dawakai su turje ƙura ta tashi, su ɗaga hannu ko mashi ko takobi su yi jinjina. Gaisuwa ce da mubaya'a, kuma sarki ba ya ko motsi.

Ni talaka zan iya sa alkyabba ko in naɗa rawani ranar aurena?

Rawani dai ba wanda ya hana ka, malamai da dattawa suna naɗawa ba tare da sarauta ba, amma mai kunne biyu a Kano na sarki ne da 'ya'yan gidan sarauta, in ka naɗa shi ba ka gada ba za a tambaye ka ɗan wane ne kai kuma ba tambayar neman sani ba ce. Alkyabba ta sarakuna ce da hakimai da limamai, sai amare, da can amaren gidan sarauta yanzu kuwa kowace amarya tana iya hayarta ta sa ranar kamu ko buɗar kai ba mai cewa komai. Angwaye ma suna hawan angwanci da dawakan haya da kayan haya. Abun da ba za ka taɓa ba shi ne laima da kakaki da tambari, nan kam ko kuɗinka sun kai ina, ba a saya.

A addinance ina iyakar ado? Wasu na cewa duk wannan riya ce.

Riya kalma ce mai nauyi, bai kamata a dinga jefa ta ko'ina ba. Asalinta a ibada take, ka yi sallah ko sadaka ko aikin Hajji don mutane su gani, kuma abu ne na zuciya wanda ba ka da hanyar ganinsa a jikin wani. Sa kaya masu kyau ba riya ba ne, a Suratul A'araf an ce a riƙi ƙawa a wurin kowane masallaci, a ci a sha kar a yi ɓarna, kuma a hadisin da Muslim ya ruwaito da aka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mutumin da ke son rigarsa da takalminsa su yi kyau, ya nuna wannan ba girman kai ba ne, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Kalmomin da suka dace da ɓarnar kuɗi su ne almubazzaranci da israfi, a Suratul Isra'i an kira almubazzarai 'yan'uwan shaiɗanu, kuma misalin da malamai suka fi kawowa na fitowa a nuna dukiya shi ne Ƙaruna da ya fito wa mutanensa cikin adonsa.

Wannan muhawarar ba yau aka fara ta ba a ƙasar Hausa. Masu jihadin 1804 sun soki sarakunan Haɓe kan shagali da tara dukiya, kuma ba a jima ba Abdullahi ɗan Fodiyo ya juyo da sukar kan nasu mutanen, yana kukan sun koma son mulki da manyan riguna da dawakan da ake sukuwa da su a cikin gari ba a fagen fama ba, har ransa ya ɓaci ya kama hanyar gabas ya tsaya a Kano. Amma kakaki da tambari da laima duk sun tsallake jihadin suna nan har yau.

A biki kuma, me ake nufi da kece raini?

Yin abun da zai sa wanda ke raina ka ya daina. Ranar kece raini ita ce ranar da dangin ango za su jero akwatunan lefe a buɗe ana ɗaga leshi da atamfa ɗaya-ɗaya ana guɗa, ko dangin amarya su yi jere su kawo gara a ga buhuna da jarkoki, duk don kar ɗaya ɓangaren ya ce an zo a banza. Shagali shi ne jin daɗin da holewar, anko kaya iri ɗaya da ƙawaye ko dangi ke ɗinkawa, kuma anko shi ne inda 'yan mata da yawa ke shiga bashi don a wata ɗaya sai a fitar da uku. Liƙi manna wa mutum kuɗi ne a goshi ko watsa masa yana rawa, kuma mutane da yawa ba su san dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 a sashe na 21 ta hana shi ba, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 'yan shekarun nan an kai wasu kotu a kai.

Nan ma ma'aunin mutane iri ɗaya ne da na fada. Attajirin da ya yi babban biki ya ciyar da unguwa ya sallami maroƙa ya tuna da dangi, za a ce an yi biki na ƙasaita. Wanda ya kama babban zauren taro ya hana 'yan'uwansa shiga sai da kati, shi ne inuwar giginya na nesa ka sha. Wanda kuma ya ci bashi ya yi, tun kafin a kwashe kujeru za ka ji ana sallah ta wuce ta bar wawa da bashi.

Me ya sa a labarai kowane taro sai an ce ƙasaitacce?

Lalaci ne, ba wani abu ba. An ƙaddamar da rijiyar burtsatse ɗaya a ce ƙasaitaccen biki, an raba buhu ashirin na shinkafa a ce gagarumin taro, ɗakin kwana biyu a ce katafaren gida na alfarma. Kowacce tana da wurinta, gagarumi na abu mai ƙarfi da girgiza ne shi ya sa ake cewa gagarumar gobara, katafare na gini ne da faɗinsa, ƙayatacce na kyau ne ko da ƙarami ne, hamshaƙi na mutum ne, hamshaƙin attajiri, ba a cewa hamshaƙin gida. In taron bai kai ba ka ce an yi taro lafiya an watse, ya wadatar.

In na ga mutum ya yi ado ina son in yaba, me zan ce da ba zai zama habaici ba?

Ga sa'anka ka ce kai ka haɗe, ko wannan wankan ya yi, ko ka fito fes. Ga mace 'yar'uwarka ki ce masha Allah kin yi kyau, tubarkalla, kuma kar ki manta tubarkallar don wasu suna tsoron baki. Ga babba ba a yaba kayansa kai tsaye kamar yaro, sai dai ka ce ranka ya daɗe Allah ya ƙara girma, Allah ya ƙara sutura, ga basarake Allah ya ja zamani, Allah ya ƙara martaba. Abun da za ka kiyaye shi ne irin su yau kuma ina zuwa haka, ko lallai yau an fito, ko manya gatan wasa, waɗannan tsakanin abokai wasa ne amma ga wanda ba ku saba ba zai ɗauka kana cewa jiya ba haka yake ba. Kuma kar ka tambayi kuɗin shaddar a gaban mutane, in kana son irinta ka bari ku keɓe ka tambayi sunan telan.